Saƙon Ɗan Tayi ga Uwa a Farkon Ciki: Bayani Kan Dabbobin Kiwo na Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san wannan al'amari. A yi wa saniya barbara, a zuba mata ido, bayan mako uku sai a gan ta tana kuka, tana hawan 'yan'uwanta, tana neman bijimi kamar ba a taɓa kai ta wurinsa ba. Makiyayi ya ce ba ta ɗauka ba. In abin ya maimaitu sau uku ko huɗu, sai a sa mata suna juya, a kora ta kasuwa. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa a cikin wannan takarda shi ne, sau da yawa saniyar nan ta ɗauka. Ciki ya shiga, amma ya lalace tun yana ɗan mitsitsin da ido ba ya gani, domin saƙon da ya kamata ɗan tayi ya aika wa uwarsa bai isa ba, ko kuwa ya isa a makare.

Za mu fara da bayanin ƙasar da dabbobinta, sa'an nan mu duba abin da ke faruwa a jikin dabba tsakanin barbara da barbara. Daga nan za mu bi saƙon ɗan tayin tunkiya da saniya da akuya, mu kwatanta shi da na alade, wanda a kansa ne masana suka yi bincike mai zurfi ƙwarai. A ƙarshe za mu kawo abubuwan da ke katse wannan saƙo a ƙasarmu, da abin da mai dabba zai iya yi da hannunsa.

2.0 Ƙasar da Dabbobinta

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, wadda aka kafa a shekarar 1987. Ƙasa ce ta noma da kiwo, tana iyaka da Zamfara ta yamma, da Jihar Kaduna ta kudu, kuma ruwan samanta ya fi na arewacin jihar yawa. Ana noma masara da dawa da auduga da wake da gyaɗa. Shanun da suka fi yawa su ne farare, watau Bunaji, sai Rahaji da Gudali. Tumaki kuwa akwai Yankasa da Uda da Balami, awaki kuma akasari jajaye ne irin na Sakkwato da Maraɗi. Kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari sananniya ce ga masu cinikin dabbobi.

Sanin kowa ne cewa satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun yi wa wannan yanki mummunar ɓarna. Sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020 shi ne abin da duniya ta ji, amma garkunan da aka kora daji ba su ƙirguwa. A shekarar 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, da waɗannan uku a cikinsu. Mutumin da ya tsira da shanu uku daga garke guda, da matar da ta tsira da akuya biyu, ba su da wata hanyar mayar da dukiyarsu sai haihuwar waɗannan da suka rage. Binciken da aka yi a garkunan Fulani na kudancin Kaduna cikin shekarun 1980 ya nuna cewa saniyar Bunaji a kiwon gargajiya takan yi kimanin shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, alhali kuwa cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki. Wannan rata ita ce dalilinmu na ɗauko wannan magana.

3.0 Kalmomin da Za Mu Yi Aiki da Su

Tun da yake wannan fanni bai saba zuwa cikin Hausa ba, ya kamata mu daidaita wasu kalmomi tun da wuri. Gidan ƙwai shi ne gaɓar da ƙwan mace ke nuna a cikinta, guda biyu ne, dama da hagu. Mahaifar dabbobin nan tana da reshe biyu, kowane reshe yana fuskantar gidan ƙwai ɗaya. Ɗan tayi a nan muna nufinsa tare da fatar da ke lulluɓe da shi, wadda daga baya ita ce za ta zama mabiyiya. Homon kuwa sinadari ne da wata gaɓa ke fitarwa don ya kai umurni ga wata gaɓa. Homon ba ya aiki sai ya tarar da makarɓinsa, watau wani ɗan gurbi a jikin ƙwayar halitta wanda ya dace da shi kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwado. A lissafin kwanaki kuma, ranar da dabba ta tsaya wa namiji ita ce sifiri, kashegari kwana na 1.

4.0 Abin da Ke Faruwa Tsakanin Barbara da Barbara

Saniya da akuya da macen alade sukan nemi namiji kusan kowane kwana 21 in ba su da ciki, tunkiya kuwa kowane kwana 17. Abin da ke riƙe da wannan lissafi wani ɗan ƙullutu ne mai launin rawaya. Sa'ad da ƙwai ya fashe ya fita daga gidansa, gurbin da ya bari sai ya cike da nama, ya zama wannan ƙullutu, wanda masana ke kira kofus lutiyum. Aikinsa shi ne fitar da homon mai suna furojastaron. Muddin furojastaron yana da yawa a jini, mahaifa tana kwance ba ta murɗawa, bakinta a rufe, tana tsatsafo da abincin da ɗan tayi zai sha, kuma dabba ba ta neman namiji. Tun a shekarar 1903 Ludwig Fraenkel na Jamus ya nuna cewa in aka cire wannan ƙullutu daga jikin zomanya a farkon ciki, cikin zai lalace. A 1929 George Corner da Willard Allen na Amurka suka nuna cewa ruwan da aka tatsa daga ƙullutun yana riƙe cikin, a 1934 kuma aka tace furojastaron shi kaɗai.

To, amma in ba ciki, zaman ƙullutun nan asara ne, domin yana hana dabba sake neman namiji. Saboda haka mahaifa da kanta ke kashe shi. Wajen kwana na 14 zuwa 16 a tunkiya, ko na 17 zuwa 19 a saniya, fatar cikin mahaifa takan fara fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin-F, ba a jere ba, sai dai tsiko-tsiko, kowane bayan 'yan sa'o'i. Abin da ke tunzura ta kuwa homon ne da ake kira okisitosin, wanda makarɓansa ke yawaita a fatar mahaifa daidai wannan lokaci. John McCracken da abokan aikinsa ne suka tabbatar a shekarar 1972 cewa furostagilandin-F shi ne mai kashe ƙullutun a jikin tunkiya.

Hanyar da yake bi abin mamaki ce. Da zai bi jini ya zaga jiki duka, huhu zai lalata mafi yawansa kafin ya isa. Sai ya zamana jijiyar da ke kai jini gidan ƙwai ta nannaɗe jijiyar da ke kwashe jini daga mahaifa, kamar yadda wake ke nannaɗe karan dawa, sinadarin kuwa yana tsallakawa daga wannan zuwa waccan, ya faɗa kan ƙullutun da ke ɓangarensa kai tsaye. Ƙullutu ya mutu, furojastaron ya faɗi, wani ƙwai ya nuna, dabba ta koma neman namiji.

Abin lura a nan shi ne, jikin uwa a shirye yake ya rushe abin da ya gina a ranar da aka ƙayyade, sai fa in an hana shi. Ɗan tayi kuwa a wannan lokaci bai ko manne da mahaifa ba, yana yawo ne cikin ruwanta. Wajibi ne ya sanar da zuwansa kafin wa'adi ya cika. Masanin nan na Ingila, Roger Short, shi ya raɗa wa wannan al'amari suna a shekarar 1969, abin da za mu iya fassarawa da amincewar uwa da ciki.

5.0 Saƙon Ɗan Tayin Tunkiya da Saniya da Akuya

Ƙwai da maniyyi suna haɗuwa ne a cikin siririyar hanyar da ke tsakanin gidan ƙwai da mahaifa. A saniya, ɗan tayi yakan gangaro mahaifa wajen kwana na 4 ko na 5. A kwana na 7 ya zama ɗan ƙwallo mai ruwa a ciki wanda bai kai ƙwayar gero ba. Wajen kwana na 9 ya fasa ɓawonsa ya fito. Daga misalin kwana na 13 sai ya fara miƙewa, ya tashi daga siffar ƙwallo ya koma siffar zare, har ya zamana a kwana na 17 tsawonsa ya kai taƙi guda ko fiye. Na tunkiya yana riga na saniya da kamar kwana biyu ko uku. Wannan miƙewa ba don ado ba ce. Da ita ce ɗan tayi ke shafar fatar mahaifa mai faɗi, don saƙonsa ya game ko'ina.

A Kambirij ta Ingila, cikin shekarun 1966 da 1967, Robert Moor da Tim Rowson suka yi gwaje-gwajen da suka buɗe wannan ƙofa. Sun gano cewa in aka sa ɗan tayi cikin mahaifar tunkiya kafin kwana na 12 ya wuce, ƙullutun zai rayu, in kuwa aka makara, zai mutu. Har ila yau, suka niƙa 'yan tayi suka ɗura ruwan a mahaifar tunkiyar da ba ta da ciki, sai ta jinkirta neman rago. Wannan ya nuna cewa saƙon sinadari ne. A 1979 Jacques Martal da abokansa a Faransa suka nuna cewa furotin ne. A 1982 James Godkin da Fuller Bazer da Michael Roberts a Jami'ar Fulorida ta Amurka suka tace shi. A 1987 kuma Kazuhiko Imakawa, yana aiki tare da Roberts, ya gano cewa wannan furotin ɗan gidan intafiron ne, watau dangin sinadaran da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cutar bairos da su. Daga baya aka sa masa suna intafiron-tawu. Dabbobi masu tuƙa ne kaɗai ke da shi, irin su shanu da tumaki da awaki da ɓauna da barewa.

Yadda yake aiki kuwa shi ne, yana shiga fatar cikin mahaifa ya hana ta yawaita makarɓan okisitosin. Okisitosin ya zo bai tarar da mai karɓarsa ba, saboda haka furostagilandin-F ba ya fita tsiko-tsikon nan mai kisa, ƙullutu ya ci gaba da rayuwa, furojastaron ya ci gaba da gudana. Wa'adin isar saƙon a tunkiya kwana na 12 zuwa 13 ne, a saniya da akuya kuwa wajen kwana na 16 zuwa 17. Sai bayan wannan ne ɗan tayi ke fara mannewa da mahaifa, wajen kwana na 16 a tunkiya, na 20 a saniya.

Amma fa maganar ba ta gefe ɗaya ba ce. Ɗan tayi ba ya iya miƙewa sai da abincin da mahaifa ke tsatsafowa, wanda za mu iya kira nonon mahaifa, shi kuwa wannan nono furojastaron ne ke sa a samar da shi. A farkon shekarun 2000 masana a Jami'ar Texas A&M suka reni tumakin da aka hana mahaifarsu yin 'yan jakunkunan da ke fitar da wannan nono. Ƙwansu ya haɗu da maniyyi lafiya lau, amma ɗan tayin ya kasa miƙewa, ya mutu. Haka kuma an tabbatar a shanu cewa wadda furojastaron ɗinta ya yi jinkirin tashi a makon farko, ɗan tayinta yakan kasance gajere a kwana na 16, intafiron ɗinsa kaɗan. Ashe ke nan uwa ce ke ciyar da ɗa har ya sami ƙarfin yi mata magana.

6.0 Abin da Aka Koya Daga Alade

Mafi yawan jama'ar ƙasar da muke magana a kanta Musulmi ne, ba su kiwon alade, ko da yake ana kiwonsa a kudancin Kaduna, inda babbar kasuwar aladu ta Katsit take kusa da Kafanchan. Mun kawo shi ne domin ilmin da aka samu a kansa yana haskaka na dabbobinmu.

Macen alade takan saki ƙwai goma sha ko fiye a lokaci guda, cikinta kuwa kwana 114 ne. 'Yan tayinta sukan bazu cikin rassan mahaifa biyu, kowane ya kama wurinsa. Wajen kwana na 11 zuwa 12 sai su yi wata irin miƙewa mai sauri ƙwarai, daga ƙwallon da bai wuce santimita 1 ba zuwa zare mai santimita 10 zuwa 20 cikin 'yan sa'o'i, kuma kafin kwana na 16 wani yakan kusa mita guda, kamu biyu ke nan. A shekarar 1973 Perry da Heap da Amoroso na Ingila suka gano cewa ɗan tayin alade yana sarrafa homon mai suna istirojin da kansa. A 1977 Fuller Bazer da William Thatcher suka bayyana amfaninsa. Shi istirojin ba ya hana mahaifa yin furostagilandin-F kamar yadda intafiron-tawu ke yi. Juya masa akala yake yi. Maimakon ya fita ta jijiyar jini ya tafi gidan ƙwai, sai ya zubo cikin kogon mahaifa, inda ba shi da wata illa ga ƙullutu. Misalinsa kamar manomin da ya ga ruwa zai ci gonarsa, bai tsayar da ruwan ba, sai ya haƙa masa wata hanya.

Akwai darussa uku a nan. Na farko, yawan saƙo yana da muhimmanci. Binciken Dhindsa da Dziuk na 1968 da waɗanda suka biyo baya ya nuna cewa sai an sami 'yan tayi a rassan mahaifa duka biyu, aƙalla kamar biyu a kowane reshe, kafin cikin alade ya tsaya. In babban ɓangare na mahaifa ya zama wofi, daga nan sinadarin kisa zai fita. Na biyu, lokaci yana da muhimmanci. In aka yi wa macen alade allurar istirojin a kwana na 9 ko na 10, watau kafin lokacinsa da kwana biyu kacal, mahaifa takan yi gaba ta bar 'yan tayi a baya, ciki ya lalace. Irin wannan ɓarna ce gubar wata fumfuna da ke kama masara ke yi, domin gubar tana kwaikwayon istirojin. Na uku, saƙon ba ɗaya ba ne. A shekarun 2018 da 2019 masana a Jami'ar Mizuri ta Amurka suka riƙa kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya a cikin 'yan tayin alade. Da suka kashe wadda ke samar da sinadarin intalukin-1, 'yan tayin suka kasa miƙewa. Da suka kashe wadda ke samar da istirojin, sai ga shi ƙullutu ya rayu har ya wuce wa'adin farko, amma cikin ya zube wajen ƙarshen wata na farko. Wannan ya sa aka ƙara mai da hankali kan wani sinadari da ɗan tayi ke fitarwa, furostagilandin-E, wanda ke kare ƙullutu. Abin da aka ɗauka kalma ɗaya ce a 1977, ya tabbata zance ne mai tsawo tsakanin uwa da 'ya'ya.

7.0 Goɗiya da Ɗan Adam

Don cika kwatanci, ɗan tayin goɗiya ba ya miƙewa. Yana nan a matsayin ƙwallo, amma yana kai da kawowa cikin rassan mahaifa biyu ba hutawa har wajen kwana na 16, sa'an nan ya tsaya wuri ɗaya. In aka tare masa hanya aka tsare shi a lungu guda, goɗiya takan koma neman ingarma. Na ɗan Adam kuwa yana shiga cikin fatar mahaifa ne tun wajen ƙarshen makon farko, ya saki homon mai suna gonadotirofin cikin jinin uwa, wanda ke zuwa gidan ƙwai kai tsaye ya riƙe ƙullutu. Wannan homon shi ne ake nema a fitsari wajen awon ciki a asibiti, hanyar da Aschheim da Zondek suka fara a Jamus a 1928. Don haka ne tsinken awon cikin mata ba ya aiki a fitsarin saniya ko na akuya, domin saƙonsu dabam ne, kuma mafi yawansa a cikin mahaifa yake tsayawa.

8.0 Abubuwan da Ke Katse Saƙon a Ƙasarmu

Masana sun haɗu a kan cewa mafi yawan cikin da shanu ke asara yana lalacewa ne a mako ukun farko. Wannan dabam yake da ɓarin da cutar bakkale ke jawowa, wanda ke zuwa a watannin ƙarshe, kowa ya gani da idonsa. Ga abubuwan da muke ganin sun fi shafar ƙasarmu.

Na farko yunwa. Daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwa ciyawa takan ƙare, wadda ta rage kuma ba ta da maiƙo. Dabbar da ke ramewa ƙwanta ba ya nuna da kyau, ƙullutunta yakan zama ƙarami, ɗan tayinta kuma ya makara wajen miƙewa. Saniyar da ake tatsa, ɗan maraƙi kuma yana tsotso, ta fi kowa shiga wannan hali.

Na biyu zafi. Ɗan tayi a kwanakinsa na farko ba ya jure zafin jikin uwa in ya hau. Shanunmu masu tozo sun fi na Turai juriya nesa ba kusa ba, amma waɗanda aka gauraya da jinin shanun Turai don neman madara sun fi shan wahalar bazara. Zazzaɓin cuta ma zafi ne. Sammore da boru da ciwon huhu duk suna iya kashe ɗan tayi, kumburin hantsa ko na mahaifa kuma yana sa jiki ya saki furostagilandin-F ba a lokacinsa ba.

Na uku kora da firgita. A Amurka malaman kiwo suna gargaɗin masu shanu kada su yi doguwar tafiya da saniya daga ƙarshen makon farko bayan barbara har zuwa mako na shida. To, ina ga garken da aka tasa da dare ana gudun hari, aka kwana biyu ana tafiya ba ruwa? Ɓarnar 'yan bindiga ba ta tsaya ga dabbobin da suka kora ba, har da 'yan maruƙan da ba a haifa ba na waɗanda suka tsira.

Na huɗu magani ba bisa ƙa'ida ba. Maganin tsutsar ciki mai suna albendazol, wanda ake sayarwa a kasuwannin ƙauye, masu yinsa sun hana ba da shi ga saniya a kwana 45 na farkon ciki, ga tunkiya da akuya kuma a kwana 30 na farko, domin yana iya kashe ɗan tayi ko ya nakasa shi. Allurar furostagilandin da likitocin dabbobi ke amfani da ita don sa dabba ta nemi namiji, in aka yi wa mai ƙaramin ciki, zubar da shi za ta yi. Akuya ta fi tunkiya haɗari a nan, domin ita ta dogara ga ƙullutu har ranar haihuwa, alhali mabiyiyar tunkiya tana karɓar aikin samar da furojastaron tun wajen kwana na 50. Allurar dekisametason kuma tana jawo ɓari a ƙarshen ciki.

Na biyar abinci mai illa. Angurya abinci ne mai gina jiki, kuma tana samuwa a wannan ƙasa ta auduga, amma tana ɗauke da sinadarin gosifol, wanda in ya yi yawa yana raunana maniyyin bijimi, yana kuma cutar da ɗan tayi. A ba da ita da awo, a gauraya da wani abin. Dusar masarar da ta yi fumfuna kuwa zubar da ita ya fi.

9.0 Abin da Mai Dabba Zai Iya Yi

Abu na farko shi ne lissafi, kuma ba ya bukatar kuɗi. Kwana 21 Juma'a uku ne. In saniya ta koma neman bijimi tsakanin kwana 18 da 24, to ko dai ƙwai bai haɗu da maniyyi ba, ko ɗan tayi ya mutu kafin saƙonsa ya isa. A nan sai a duba bijimin, a duba ƙibar saniyar, a kuma duba lokacin da ake haɗa su, domin shanu masu tozo neman namijinsu gajere ne, sau da yawa kuma da dare yake zuwa. In kuwa ta wuce wa'adi har aka sa rai, sa'an nan ta dawo wajen kwana 28 ko 35 ko 40, alama ce mai ƙarfi cewa saƙo ya isa, ciki ya kama, daga baya ya mutu. A nan sai a fi zargin cuta ko magani ko wahala, a nemi malamin dabbobi. Saniya irin wannan ba juya ba ce.

Na biyu, a ware abinci mafi kyau, harawa da kowar wake da 'ya'yan gawo da dusa mai tsabta da gishiri, a ba macen da ake shirin yi wa barbara tun mako biyu ko uku kafin lokaci, a ci gaba har wata guda bayansa. Na uku, a ba da maganin tsutsa kafin barbara. Na huɗu, a samar da inuwa da ruwa, a kuma rage wa dabba tafiya a wannan wata gwargwadon yadda hali ya bari.

Ga hukuma kuwa, awon ciki ya sauƙaƙa. Ana gane cikin saniya ta wani furotin da mabiyiya ke saki cikin jini daga kwana na 28, ko da na'urar hoton ciki wajen kwana na 30, ko da hannun gwani daga mako na shida. Da za a kai wannan aiki manyan kasuwannin dabbobi da mayanka, da an ceci masu ciki da yawa daga wuƙa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda aka kafa a 1924, suna da masanan da za su horar da ma'aikata. Mu kuma malaman kwalejojin horon malamai, haƙƙinmu ne mu koyar da wannan darasi da harshen da ɗan makiyayi zai koma gida ya bayyana wa mahaifinsa.

10.0 Kammalawa

Mun ga cewa jikin uwa yana da wa'adin da yake rushe ƙullutun da ke riƙe ciki, kuma ɗan tayi ne ke hana shi: na tunkiya da saniya da akuya da intafiron-tawu, na alade da istirojin da abokan aikinsa, na ɗan Adam da gonadotirofin. Mun ga kuma cewa ƙarfin wannan saƙo ya dogara ga ƙoshin uwa da lafiyarta da kwanciyar hankalinta a cikin kwanaki ƙalilan waɗanda ba mai ganin kome a cikinsu. Samuwar ciki da tsayuwarsa ikon Allah ne, amma an ɗora wa mai kiwo kula da sababi. Wanda ya rage da saniya uku a Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, in ya kiyaye watan farko bayan barbara kamar yadda yake kiyaye ranar haihuwa, muna kyautata zaton zai rage ratar nan ta shekara biyu, garkensa kuma ya fi saurin komawa yadda yake.